Fatar Albasa

Shekara talatin da huɗu ina hawan matakala,
ni Arzika masinja, takalmin roba da hula.
Bokona aji huɗu ne, na bar shi can a Dange,
amma ma'aikatar ilimi na san ta tun daga shinge.

Ƙasa rajista take, inda fayil ke samun suna,
Malam Nomau ya doka hatimi, ya ɗaure, ya zauna.
Saura aikin hannuna.

Hawa na farko daraktoci, ƙofa na duban ƙofa,
na makarantu, na tsare-tsare, na kuɗi mai jan ƙafa.
Can ƙurya Hajiya Ige ke riƙe da sashen kimiyya,
fankarta ta mutu tun bara, da kwali take fifita,
ba ta taɓa tashi ba kafin la'asar ta yi.

Sama Babban Sakatare, shi ne gishirin miya,
rediyo bai san shi ba, rashinsa ke sa a sha wuya.
Kwamishina kuwa baƙo ne, na raka goma sha ɗaya,
kowa da koren alƙalami, kowa da sabon labule,
kowa ya zo da alkawari, ya tafi ya bar mu da makulle.

Wata Talata a bazara, rana na dafa kwalta,
wani fayil ya shigo, kunnuwansa duk sun lanƙwashe.
Makarantar 'yan mata ta Wurno ke roƙo a takarda:
madubin ƙara gani guda shida, ko na hannu ne sun yarda.
Malaminsu ya shekara bakwai yana zana shi da alli,
yara na haddace abin da ba su taɓa yi wa kallo ba.
Jikata Kulu na cikinsu.

Ya yi arba'in a tsare-tsare, ya yi azumi a kuɗi,
aka ce sai kasafi, aka ce sai baɗi.
Hajiya Ige ta rubuta a duba, ta sake rubutawa,
ta ja layi biyu har takarda na hujewa.

Teburin Sakatare tsibi ne, ya kawo mini ƙirji.
Allah na tuba, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba:
na zaro shi daga ƙasa, na aza shi bisa,
na tura kofin shayi ya matso kusa.
Wanda na danne na fentin ofis ne.
Bango bai yi ƙara ba.

Ya karanta, ya yi shiru, ya ce kai wa Kwamishina.
Na hau da shi kamar mai ɗauke da ƙwai a rana.

Wata biyar, huɗu suka iso, shida ba ta cika ba.

Kulu ta zo hutu, ko mayafi ba ta cire ba,
ta ce tsoho, albasar nan da ake lodi a garinmu,
fatarta ɗakuna ce a jere, mun gani da idonmu,
kowane da bangonsa, da ɗigo zaune a tsaka.
Na ce da ƙofa? Ta ce babu.
Ruwa dai ke ratsawa daga ɗaki zuwa ɗaki,
ran da ya tsaya, ta bushe.
Na dubi takalmina, ban ce komai ba.

Wata mai kamawa zan aje aiki.
A zaure an rataye zanen shugabanci cikin gilashi,
akwati bisa akwati, kowa da matsayi nashi.
Na duba sama da ƙasa, babu Arzika ciki.
Sai dai siririn layin nan da ya haɗa su,
daga wannan zuwa wancan,
na san tsawonsa da gwiwata.